Jarumin da Bai Samu Yarinyar Ba: Sake Duban Kabhi Haan Kabhi Naa

Idan aka ce wa masu kallon finafinan Indiya a Kano ko Damagaram su lissafo finafinan soyayya na Shah Rukh Khan, sunayen da za su fara fitowa sanannu ne: Dilwale Dulhania Le Jayenge, Kuch Kuch Hota Hai, Kabhi Khushi Kabhie Gham, Devdas, Veer-Zaara. Sai lissafi ya yi nisa, in ma an tuna, wani zai ambaci Kabhi Haan Kabhi Naa na 1994. Alhali shi kansa jarumin ya sha faɗa a hirarraki cewa cikin finafinan da ya yi, wannan ne ya fi kwanta masa a rai. Mutumin da ya fito a finafinai masu yawa, waɗanda suka tara kuɗi fiye da ƙima, ya tsallake su duka ya zaɓi wani ƙaramin fim na barkwanci da soyayya da aka ɗauka a Goa da kuɗi kaɗan. Wannan kaɗai ya isa a koma a sake kallonsa da idon basira.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Sunil, wato Shah Rukh Khan, saurayi ne ɗan bakanike, wanda kiɗa ya shiga ransa, karatu kuma ya ƙi shiga kansa. Ya faɗi jarrabawa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har mahaifinsa Vinayak ya kusa cire rai da shi. Yana cikin wata ƙungiyar makaɗa ta abokai, yana kuma son Anna, mawaƙiyar ƙungiyar. Ita kuwa Anna zuciyarta na wurin Chris, ɗan masu hali, mai ƙoƙari a makaranta, mai ladabi. Da Sunil ya ga ba shi da abin da zai kara da Chris, sai ya koma ga ƙarya. Ya je wurin wannan ya ɓata wancan, ya haɗa su faɗa. Asirinsa ya tonu, Anna ta kwaɗa masa mari, abokai suka kore shi daga ƙungiya. Daga baya ya cece su a wani gidan rawa da 'yan daba ke zuwa, suka yafe masa. Ya sake faɗuwa jarrabawa, ya kai wa mahaifinsa takardar sakamako ta bogi, aka yi shagali, gaskiya ta sake fitowa. Can kuma iyayen Chris suka ƙi Anna saboda suna so ɗansu ya auri 'yar masu kuɗi, sai mahaifin Anna ya karkata ga Sunil. Abin da ya daɗe yana mafarki ya zo hannunsa. Amma ya duba ya ga har yanzu Chris take so, sai ya sasanta su, aka ɗaura musu aure yana tsaye yana kallo.

A nan ne fim ɗin ya rabu da sauran. Mai kallon fim ɗin Indiya ya saba da ƙa'ida guda: akwai akta, akwai bos, kuma komai daɗewa akta ne zai tafi da yarinya. A wannan fim babu bos. Chris mutumin kirki ne, bai zalunci kowa ba, laifinsa kawai shi ne Anna ta so shi. Wanda ya yi aika-aikar shi ne jarumin da kansa. Ko shugaban 'yan daban da ke cikin labarin, Anthony Gomes, wanda Goga Kapoor ya fito a matsayinsa, mutum ne mai saurin zubar da hawaye idan ya ji waƙa mai taɓa zuciya, ya kuma zama masoyin Sunil na haƙiƙa.

Daraktan fim ɗin, Kundan Shah, ba baƙon irin wannan tafiya ba ne. Shi ya yi Jaane Bhi Do Yaaro a 1983, barkwancin da ya caccaki cin hanci tsakanin 'yan kwangila, jami'an gwamnati da 'yan jarida, wanda jarumansa biyu masu ɗaukar hoto suka ƙare a gidan yari duk da su ne masu gaskiya. Ya kuma yi aiki a shirin talabijin na Nukkad a 1986, wanda ya ba da labarin talakawan da ke zaman bakin titi. Kundan Shah ya fi damuwa da mutanen da duniya ba ta tafa wa, waɗanda ke faɗi-tashi su kuma ƙare inda suka fara. Da ya juya ga soyayya, tare da abokin rubutunsa Pankaj Advani, ya tafi da wannan halin nasa. Ya ɗauki mutumin da a wani fim ɗin zai zama abokin jarumi mai ba da dariya, ya ɗora masa labarin gaba ɗaya.

Masu rarraba finafinai ba su yi marhabin da hakan ba. An nuna fim ɗin a bikin finafinai na ƙasa da ƙasa na Indiya a farkon 1993, amma bai shiga sinima ba sai a watan Fabrairun 1994. A wannan tsakanin abubuwa suka sauya wa Shah Rukh Khan. Baazigar ya fito a Nuwamban 1993, Darr ya biyo baya a Disamba, duka suka yi kasuwa, kuma a dukansu ya fito ne a mai kisa. Lokacin da Sunil ya bayyana da hularsa da kayan kiɗansa, jama'a sun riga sun san fuskar nan a matsayin wanda ke wurgo budurwa daga saman bene. An sha ruwaito cewa shi da kansa ya je sinimar Gaiety a Bombay ya zauna yana sayar da tikiti domin jawo 'yan kallo. Farah Khan, wadda ta tsara raye-rayen fim ɗin tun tana sabuwar shiga, ta ce rupi 25,000 aka biya shi, ita kuma aka ba ta 5,000 a kan kowace waƙa, har kuɗinta ya zarce nasa.

Fim ɗin bai faɗi a kasuwa ba, ya mayar da kuɗinsa har da riba. Masu sharhi ma sun yaba. A bikin kyautar Filmfare na 1994 ya lashe kyautar fim mafi kyau ta masu sharhi, Shah Rukh Khan ya karɓi kyautar masu sharhi saboda Sunil, a daren da ya karɓi ta gwarzon jarumi saboda Baazigar. Don haka ba a ce an yi watsi da shi ba. Abin da ya same shi shi ne manyan da suka biyo baya sun rufe shi. A watan Agustan 1994 Hum Aapke Hain Koun na Sooraj Barjatya ya fito da waƙoƙinsa 14 da bukukuwan aure marasa ƙarewa, ya kafa tarihin ciniki. A Oktoban 1995 Dilwale Dulhania Le Jayenge na Aditya Chopra ya zo, wanda aka shafe shekaru da dama ana nuna shi kullum a sinimar Maratha Mandir. Indiya ta buɗe tattalin arzikinta a 1991, kuma finafinan da suka dace da sabon zamanin su ne masu manyan gidaje, tafiye-tafiye zuwa Turai, da 'yan Indiya mazauna Landan da ke sayen tikiti da fam. Ɗan bakanike daga Goa ba shi da gurbi a wannan sahu.

Kwatanta Sunil da Raj na Dilwale yana bayyana abubuwa da yawa. Shi ma Raj ya faɗi jarrabawa. Amma mahaifinsa attajiri ne a Landan, sai ya mayar da abin wasa, ya ce gado ne na gidansu, ya bar shi ya tafi yawon buɗe ido a Turai. Faɗuwar Raj ado ce, alama ce ta cewa shi ɗan gata ne da bai damu da komai ba. Faɗuwar Sunil kuwa tana da nauyi. Vinayak, wanda Anjan Srivastav ya taka rawarsa da ƙwarewa, mutum ne da ya kashe rayuwarsa a gareji hannu duk baƙin mai, yana fatan ɗansa ya samu abin da shi bai samu ba. Faɗansa ba na mugunta ba ne, na tsoro ne. Duk wanda ya taso a gidan da ake jiran sakamakon jarrabawa da zullumi zai gane wannan uban, zai kuma gane dalilin da ya sa yaro zai gwammace ya kawo takardar bogi a kan ya sake ganin wannan kallon a idon mahaifinsa. Wurin da Vinayak ke murna yana tara mutane saboda sakamakon da ba na gaskiya ba yana ba da dariya, amma dariya ce da ke maƙale wa mutum a wuya, domin mai kallo ya san abin da ke tafe.

Muhimmin abin da fim ɗin ya yi, wanda ya sa ya fi ƙarfin zamaninsa, shi ne yadda ya ɗauki nacin soyayya. Finafinan Indiya na wancan lokacin sun koya wa samari darasi guda: idan yarinya ta ce a'a, ka ci gaba da bin ta, ka tare mata hanya, ka yi mata waƙa a gaban jama'a, za ta sauko. A cikin 'yan watanni kaɗan Shah Rukh Khan ya taka wannan nacin ta fuskoki daban-daban. A Darr, Rahul ya addabi Kiran har sai da aka kashe shi. A Anjaam na Afrilun 1994, Vijay ya tarwatsa rayuwar matar da ta ƙi shi, ita ma ta rama da jini. Waɗannan sun nuna nacin a matsayin hauka, abin da ke can nesa da mutum mai hankali. Finafinan da suka biyo baya kuma suka wanke shi suka mai da shi jarumta. Kabhi Haan Kabhi Naa ne kaɗai ya tsaya a inda yawancin mutane suke. Sunil ba mahaukaci ba ne, ba kuma gwarzo ba ne. Yaro ne da ke son wadda ba ta son shi, ya yi abin kunya saboda haka, aka kama shi, ya ji kunyar, daga bisani ya yarda cewa zaɓin nata ne. Bahaushe ya riga ya ce son maso wani ƙoshin wahala. Fim ɗin ya ɗauki wannan wahalar da gaske, bai yi mata kwaskwarima ba, bai kuma saka wa mai ita da aure don ya sha ta ba.

Sai maganar zobe, wadda ita ce zuciyar fim ɗin. A coci, ana tsaka da ɗaurin auren Chris da Anna, zoben ya suɓuce ya faɗi ya gangara. Kowa ya duƙa yana nema. Sunil ya hango shi. Shi ne fa ya haɗa auren nan da hannunsa, shi ya sadaukar, mai kallo ya gama yanke cewa yaron ya shiryu. Amma da aka zo kan zoben, sai ya yi kamar bai gani ba. Chris ne ya tsinto shi daga baya, aka ƙarasa ɗaurin aure. Darakta mai neman tafi zai sa Sunil ya ɗauko zoben ya miƙa da murmushi, kiɗa ya tashi, a zubar da hawaye. Kundan Shah ya ƙi. Ya san cewa so so ne amma son kai ya fi, kuma mutum na iya yin abin da ya dace alhali wani sashe na zuciyarsa na fatan abin ya wargaje. Waɗannan 'yan daƙiƙoƙi sun fi dogayen jawaban sadaukarwa da aka saba ji gaskiya. Ba su rage wa Sunil daraja ba, sun nuna tsadar abin da ya bayar.

Wanda ya rasa yarinya a fim ɗin Indiya ba sabon abu ba ne, amma yawanci a gefe yake. A Kuch Kuch Hota Hai na 1998, Aman, wato Salman Khan, ya janye ranar aure ya bar wa Rahul Anjali, kyamara kuma ta bi ango da amarya ta manta da shi. A Kal Ho Naa Ho na 2003 Shah Rukh Khan ya sake barin yarinya ga wani, amma don yana fama da ciwon zuciya da zai kashe shi, ita kuma shi take so. Wato an ba shi uzurin da ya mai da shi waliyyi. Sunil ba shi da wannan uzurin. Lafiyarsa ƙalau, ba a raba su da ƙarfi ba, ba a son sa ne kawai. Ko a Amurka sai a 1997 aka yi My Best Friend's Wedding, inda Julia Roberts ta yi ta ƙulle-ƙullen raba aure ta kuma tashi a tutar babu, aka yi ta yaba wa fim ɗin saboda ƙarfin halinsa. Kundan Shah ya riga su da shekara uku.

Wasan Shah Rukh Khan a nan ya bambanta da wanda aka san shi da shi daga baya. Babu buɗe hannuwa a kan dutse, babu tsayuwar sarauta. Akwai rawar jiki, saurin magana, ido mai neman mafita lokacin da ƙarya ta fara warwarewa. Yana yin ƙaryar yana ƙara mata gishiri, mai kallo na dariya yana kuma jin tausayinsa. Naseeruddin Shah, a matsayin Father Braganza limamin cocin unguwar, shi ne babban da ya ga alheri a yaron tun kafin kowa ya gani, kuma ya taka rawar cikin natsuwa ba tare da ya danne matasan ba. Kiɗan Jatin da Lalit ne, waɗanda daga baya suka yi na Dilwale da Kuch Kuch, baitocin kuma na Majrooh Sultanpuri ne, dattijon da ya fara rubuta waƙoƙin fim tun shekarun 1940. Waƙoƙin suna cikin labarin, domin jaruman makaɗa ne, ba sai an kwashe su zuwa ƙanƙarar Suwizalan ba. A cikin 'yan ƙungiyar akwai Ashutosh Gowariker, wanda daga baya ya zama daraktan Lagaan a 2001, ya kuma dawo ya ba Shah Rukh Khan ɗaya daga cikin mafi kyawun ayyukansa a Swades a 2004.

Goa ma ta taka rawa. Yankin ya kasance a hannun Fotugal har 1961, yana da Kiristoci da yawa, da coci-coci da gidaje masu salon Turai. Sunil ɗan Hindu ne, Anna da Chris Kiristoci, a ƙungiyar akwai Imran Musulmi da Yezdi ɗan Parsi. Fim ɗin bai tsaya yin lacca a kan haka ba, ya nuna su suna cin abinci tare suna faɗa suna shiryawa. Abin da ya kusa raba Chris da Anna kuɗi ne da matsayi, ba addini ba. Idan aka tuna cewa an rushe masallacin Babri a Disamban 1992, Bombay ta sha tarzoma da zubar da jini a makonnin da suka biyo baya, sai bama-bamai a Maris na 1993, za a ga cewa 'yan kallon 1994 sun shiga sinima sun tarar da wata Indiyar da ke neman kuɓuce musu.

Duk da haka fim ɗin ba ya rasa aibu, kuma sake dubawa ba ya nufin rufe ido. Anna, wadda Suchitra Krishnamoorthi ta fito a matsayinta, ba a rubuta ta da zurfi ba. An san wa take so, amma ba a san me take so a rayuwa ba, kuma lokacin da mahaifinta ya karkata ga Sunil, muryarta ba ta fito yadda ya kamata ba. Fim ɗin da ya girmama zaɓin mace ya kamata ya ba ta bakin magana fiye da haka. Ana kuma saurin yafe wa Sunil, musamman a kan ɓata sunan yarinya, wanda a al'umma irin tasu, da irin tamu, ba ƙaramin abu ba ne. Ƙarancin kuɗi ya bayyana a wasu wurare, barkwancin 'yan daba kuma wani lokaci yakan yi tsawo. Sai ƙarshen: bayan ɗaurin aure Sunil na zaune a bakin titi cikin dare, sai ga wata budurwa ta zo tana tambayar hanya, Juhi Chawla ce, suka tafi tare, su Anthony Gomes suka juyo suka tabbatar wa 'yan kallo cewa yaron zai warware. Wasu na ganin wannan lallashi ne da aka yi wa kasuwa, kuma suna da hujja. Sai dai abin da ya rage masa laifi shi ne, tafiyar ba ta yi nisa ba Sunil ya fara zuba mata irin zancensa na da. Bai zama sabon mutum ba, an dai ba shi wata damar.

Ga mai kallo Bahaushe akwai dalili na musamman na komawa ga wannan fim. Finafinan Indiya sun shigo Arewacin Najeriya tun shekarun 1950 ta hannun 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen sinima, suka zauna daram. Brian Larkin ya yi nazari a kan haka a Kano a shekarun 1990, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya yi rubutu mai yawa kan yadda finafinan Hausa suka ɗauko soyayyar mutum uku da waƙa da rawa daga Bombay, abin da 'yan masana'antar ke kira wankiya. A irin wannan labarin, na ukun da aka bari yawanci ko dai mugu ne da ya cancanci ya rasa, ko attajirin da iyaye suka tilasta, ko kuma mutuwa ta ɗauke shi don a huta. Amma a kowace unguwa akwai saurayin da ya yi shekaru yana zuwa zance, wani ya zo ya aure, shi kuma ya halarci ɗaurin auren ya yi addu'a da jama'a ya koma shagonsa. Ba mugu ba ne, bai kuma mutu ba. Labarinsa yana da dariya da ciwo da zai cika fim, kuma marubucin Kannywood da ke neman abin koyi daga Indiya zai fi amfana da yadda aka gina Sunil fiye da kwafar wata rawa a gindin bishiya.

Kundan Shah ya ci gaba da aiki bayan haka. Kya Kehna na 2000, labarin yarinyar da ta yi ciki ba aure ta kuma ƙi ɓoye kanta, ya yi kasuwa sosai ya kuma ɗaga Preity Zinta. Ya rasu a Mumbai a Oktoban 2017 yana da shekara 69, kuma jaridun da suka yi ta'aziyyarsa sun fi jingina sunansa da Jaane Bhi Do Yaaro. Haƙƙin mallakar Kabhi Haan Kabhi Naa kuwa yanzu yana hannun Red Chillies, kamfanin Shah Rukh Khan, wanda ya saye shi daga baya.